Mai injekta na Magazine da tsohon injin Mills ɗina

In kana da irin ƙananan injinan nan na jirgin sama na wasa, waɗanda ake ce ma dizal, kuma kwamfireshan ɗinsa ya mutu, shawarata kar ka tsaya wajen masu tana, wato masu injin fere ƙarfe, na bakin titi a Suame, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi da ake ce ma Magazine. Ka shiga ciki sosai ka nemi masu gyaran injekta da famfon dizal na manyan motoci. Can na samu dattijon da ya tada min nawa, kuma aikinsa nake so in ba da labari, da daɗinsa da haushinsa, don wallahi akwai duka biyun. Ba zan faɗi sunansa ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganar, shagon ma ko allo babu balle suna, kowa Masta yake ce masa, nima haka nake ce masa.

Injin nawa Mills .75 ne, ɗan Ingila. Kamfanin Mills Brothers sun fara da mai 1.3cc a 1946, sannan suka fito da wannan ƙaramin a 1948, suka yi ta yinsa har zuwa 1964, bayan sun daina ma mutane ba su haƙura ba, an ci gaba da kwaikwayonsa a Indiya da Ostireliya da Ingilar kanta, saboda masu wannan harka sun yarda ba injin da ya kai shi sauƙin tashi. Ni kuwa wajen ƴan kondem masu sayen tsofaffin ƙarafa na same shi a Dagomba Line, cikin tarkacen wani kwali na kayan hom-yus da aka zubar musu, tare da matattun agogo da cokula da wayoyin rediyo. Yaron da ya sayar min ɗauka ya yi wani ɓangare ne na injin feshin gona, a kan kilo ya so ya auna min shi, abin da duka nauyinsa bai fi giram 50 da ƴan kai ba, sikelin ko motsi bai yi ba, sai muka yi ciniki da baki kawai.

Ga wanda bai san irinsa ba, sunan dizal ɗin kar ya ruɗe ka, in ka zuba masa dizal na gidan mai har gobe ba zai ce uffan ba. Ba shi da fulogi, ba batir, ba koyil, ba injekta, ba komai na wuta. Ɗan kafireto ne da shi a baya mai allura guda da kake murɗawa ka ƙara mai ko ka rage, man ya gauraya da iska ya shiga, fistin ya matse shi a sama har zafin matsin ya kunna shi da kansa. Abin da yake kamawa da wuri a cikin man shi ne eta (ether), wani ruwan sinadari mai saurin bin iska da kama wuta, shi ya sa dole sai da ita. A saman silinda kuma akwai wani fistin na biyu wanda ba ya kai-komo, yana zaune ne a matse, akwai sukuru mai ɗan hannu a kansa, in ka murɗa ciki ya sauka matsi ya ƙaru, in ka sassauta ya koma sama. To da wannan sukurun da allurar mai kake tuƙa injin gaba ɗaya. Ƴan Suwizalan ne suka fara sayar da irinsa, wani mai suna Dyno a 1941, bayan yaƙin duniya na biyu Turawan Ingila suka rungume shi, kamfanoni irin su ED da Davies Charlton da Oliver da PAW duk dangin abu ɗaya ne.

Lokacin da na kawo shi gida Aboabo a daskare yake ƙam, ko ɗan motsi karanshaf ba ya yi. Wannan ba abin tsoro ba ne a tsohon inji irin wannan, man zurma ne da aka bari a ciki shekara da shekaru, in ya tsufa sai ya bushe ya zama kamar ƙaro ya liƙe komai. Wannan kashin ni na yi da kaina a barandar ɗakina, teburi ɗaya da ƙaramin bais da fitila ne duk shagon nawa. Na jiƙa shi a kananzir cikin gwangwani na manta da shi, bayan nan na riƙa ɗumama shi da abin busar da gashi na matata ina ɗiga masa mai ta ramin hayaƙi, na ɗaura tsohuwar farfela ina ɗan rausaya ta hagu da dama a hankali har ya saki. Dan Allah kar wanda ya sa ma irin wannan inji wutar gas ko ta walda, gidan karanshaf na Mills da maganiziyam aka yi shi ba alminiyam ba, kuma maganiziyam in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Kuma kar a kama shi da filaya. Zan dawo kan maganar filaya, don akwai wanda bai ji wannan ba.

Da na warware shi na wanke, karanshaf lafiya lau, boshin da yake juyawa a ciki ba girgiza, kwanrod bai lanƙwashe ba. Matsalar tana sama. Tsatsa ta ci cikin silinda daidai inda fistin ya kwana duk shekarun nan, ta bar ƴan ramuka, fistin ɗin kuma in ka sa shi ta sama sai ya zurma ya faɗo ta ƙasa da kansa. In ka haɗa ka juya farfela ba ka jin komai, sai iska tana fita fuuu ta gefe. Nan aikin baranda ya ƙare, don wannan sai sabon fistin, kuma sabon fistin na Mills ba abin da za ka samu a Kejetia ba ne ko Adum.

Kowa a Kumasi in ƙarfe ya gagare shi Magazine yake nufa, wurin da ake cewa ba abin da ba a iya ƙerawa, kuma gaskiya ne mutanen nan sun iya aiki, tun 1980 ma jami'ar KNUST da muke ce ma Tech ta kafa musu cibiyar ITTU a cikin Suame ɗin saboda koyar da aikin injinan ƙarfe. Amma girman aikinsu na tirela ne da tifa da Sprinter. Masu tanan da na fara nunawa duk tambaya ɗaya suke yi, ina ring ɗin? In na ce ba shi da ring sai a kalle ni kamar na zo da wasa. Wani ya ce zai yanka masa kwari ya sa robar O-ring, wani ya ce zai bubbuga saman fistin ɗin ya buɗe, wani ya juya shi a tafin hannu ya ce massa wannan ai ki-holda ne, ka rataya ma mukullinka. Ban ga laifinsu ba, injin da suke aiki da shi bakinsa ya fi kaina girma, fistin ɗina kuma faɗinsa bai kai milimita 9 ba. Wani fita ɗan Sabon Zongo da muke sallah masallaci ɗaya shi ya ce min ai abin da kake nema aikin masu injekta ne, su ne kullum suke fama da ƙarfe cikin ƙarfe ba ring ba roba, ya kwatanta min wajen Masta.

Kuma maganarsa dutse. Cikin famfon dizal na mota akwai ɗan sanda da suke ce ma falanja, yana kai-komo cikin bututunsa yana tura mai da matsi mai tsanani, ba abin da ya hana man tsiyaya sai tsabar dacewar ƙarfen biyu, tazarar da ke tsakaninsu ko gashin kai ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba irin wannan, shi ne zai gane fistin marar ring.

Shagon kwantena ce da rumfar kwano a gaba, amma can ciki ya yanke wani ɗan ɗaki da gilashi inda ba a shiga da takalmi, nan injin gwada famfo yake, da wani ƙaramin injin tana tsoho da ya lulluɓe da zani. Na miƙa masa kayan cikin leda, ya juye su a kan farin ƙyalle, bai tambaye ni ring ba. Ya wanke silindar da fistin a dizal mai tsabta, ya busa, ya toshe saman da babban yatsa ya ja fistin ɗin ƙasa ya saki, ya sake yi, yana kallon rufi ba ya kallon hannunsa. Sannan ya ce ɗana, wannan ba ya riƙe numfashi ko kaɗan, wa ya ba ka? Na ba shi labari, na ƙara da abin da na sani, cewa ramin silindar irin wannan ba a miƙe yake ɗaya ba, ƙasa ya ɗan fi sama faɗi kaɗan yadda fistin zai yi tafiyarsa sakayau sai ya kusa ƙarshen sama ya ɗan cije. Ya ce to haka ya kamata, don sama ne wuta take, in ya yi zafi nan ne zai buɗe. Ban gaya masa dalilin ba, shi ya faɗa da kansa. Daga nan hankalina ya kwanta na bar masa.

Ranar da ya yi aikin silindar ina zaune, kuma wannan ranar kaɗai ta isa kuɗin da na biya. Ya fere ɗan sandan alminiyam daidai ramin, ya tsaga shi a tsaye da zarto, ya huda ƙarshensa ya sa ƙaramin sukuru mai tsini yadda in ya ɗaure sukurun sandan zai ɗan buɗe. Ya kawo man gogar da ake zaunar da bawul na mota ya nuna min ya ce wannan tsakuwa ce a wajen abinka, ya mayar, ya buɗe wata ƴar kwalba cikin aljihun tebur ya lakato wani mai laushi da tsinken ashana, ɗan ɗigo ɗaya. Injin na juya sandan a hankali, shi kuma silindar tana riƙe a yatsunsa uku kawai, yana kai ta yana dawo da ita, ya fi daɗewa ta wajen ƙasa, sama kuwa leƙawa kawai yake yi ya janye. Bini-bini ya tsaya, ya wanke, ya ɗaga ta saitin ƙofa ya leƙa, ya ce saura. Ramukan tsatsan suna raguwa ina gani, daga baƙaƙe suka koma ƴan ɗige-ɗige, daga nan cikin ya koma toka-toka sumul ba ƙyalli. Na ce Masta ba za a sa ya yi sheƙi ba? Ya ce sheƙi na mai sayarwa ne, mai yana son inda zai maƙale. Duk wannan lokacin yaransa biyu na tsaye a bayan gilashi suna kallo, wani direban tifa kuma yana ta masifa a waje da Twi a kan famfonsa da aka ajiye saboda abin wasan yara, Masta ko waiwaye.

Fistin ɗin da baƙin ƙarfen kas ya yi shi kamar na asali, ya yanko guntu daga tsakiyar wani tsohon kamshaf. Ya bar shi ya ɗan fi ramin girma sannan ya riƙa goge shi da wani zobe da ya tsaga, yana gwadawa, har ya zamana in an sa shi ta ƙasa a bushe yana shiga ya wuce ramin hayaƙi kaɗan ya tsaya. Ya kwaikwayi ɗan matakin da ke saman tsohon fistin ɗin bai ce ado ba ne ya share, wanda na ji daɗi sosai, don wannan matakin yana fuskantar ƙofar da mai ke shigowa ne kuma in babu shi lokacin buɗewarta ya canja. Fil ɗin da ke haɗa fistin da kwanrod ya ciro shi daga cikin allurorin wani tsohon boris. Fistin na sama ma sabo ya yi tunda ramin ya ƙaru, kuma nan ne gwanintar take, in ya yi sako-sako zai yi yoyo kuma sukurun zai riƙa warwarewa inji na tafiya, in ya matse da yawa kuma ka sassauta sukuru ba zai koma sama ba. Nasa na farko bai gamsar da shi ba, ya jefa shi gwangwani ya sake wani bai ƙara min ko pesewa ba. Da aka haɗa aka ɗiga mai na juya farfela sai na ji ta turje, na ƙetare da ita ta yi tsalle ɗas ta dawo, na riƙe ta a sama ina ƙirga a zuci matsin bai zube ba.

To yanzu haushin.

Na farko lokaci. In Masta ya ce maka jibi, ka ɗauka ya ce maka wata rana. Aikin da ba zai wuce yini biyu ba in an zauna a kai sai da ya ci makonni, kuma na gane dalili, famfon tifa ɗaya ya fi aikina kawo kuɗi kuma mai tifa yana tsaye a kansa, ga wuta da ake ɗaukewa, amma ai sai a gaya min gaskiya in zauna gida, ba in bar aikina in hau trotro in sha cunkoson Suame Roundabout in iso a ce min yau ba wuta ko Masta ya tafi jana'iza Tafo. Waya kuwa ba ya ɗauka, tana cikin aljihun rigar da ya rataye. In ruwa ya sauka kuma layin nasu ba ya shiguwa, laka da baƙin mai har idon sawu, kar ka je da takalmin Juma'a.

Na biyu shi ne wanda har yanzu in na tuna raina ke ɓaci. Gidan karanshaf na Mills baƙi ne, kuma baƙin nan ba datti ba ne ba fenti ba, magani ne da aka yi wa maganiziyam ɗin tun daga kamfani don kar iska ta ci shi. Ban so in bar shi a shagon ba amma Masta ya ce yana buƙatarsa saboda gwaji. Wani yaron shago mai neman suna ya ga abu baƙi, ya ɗauka ya kai shi kan buroshin waya ya goge gefe guda tas har yana ƙyalli, kan silindar kuma da ya ƙi kwancuwa ya kama shi da filaya, haƙoran suka zauna a kan fiffiken sanyaya guda biyu. Da na zo yana murmushi yake nuna min, wai yaya ka ga na fara maka folish. Masta ya yi masa faɗa sosai har na ji tausayinsa, ya ba ni haƙuri, amma abin da ya tafi ya tafi, kuma a garin da damina biyu ce a shekara maganiziyam tsirara ba ya daɗewa sai ya fara farin gari, yanzu kullum cikin shafa masa mai nake. Duk wanda zai kai irin wannan, ya kai silinda da fistin da kwanrod kaɗai, sauran ya bar su gida, in ana son gwaji ya zo da su a aljihu ya koma da su.

Na uku maganar tiredi. Sukurorin injinan Ingila na wancan zamani ba na milimita ba ne, awon Ingila ne irin su BA, kuma a Magazine yanzu kusan komai milimita ne. Sukurun kwamfireshan ɗina ya ɗan ci, Masta ya ce bari kawai ya buɗe ramin ya yanka sabon tiredi ya sa na zamani, minti biyar an gama. Na ce a'a Masta dan Allah a bar shi. Ya ce kai da inji kake so ya tashi ko tarihi kake tarawa? Na ce duka biyu. Ya yi dariya ya bari, amma na tabbata da ba na wurin da an yanka. Shi mai gyara ne, abin da ya dame shi abu ya yi aiki, ba ruwansa da wai na asali ne, saboda haka ka faɗi abin da ba ka so a taɓa tun farko, ka maimaita, ka kuma gaya wa yaran. Ajiya ma sai a hankali, ƙananan kayana cikin gwangwanin Milo ɗaya suka zauna da wasu wasarori da sifirin na mutane, rasit babu, ni na ɗauki hoton komai da waya kafin in bari.

Kuɗi kam bai zalunce ni ba. Da farko ma ƙin faɗa ya yi, wai in ba da abin da na ga dama, wanda duk ɗan Zongo ya san wannan ya fi tsada, sai da na matsa ya yanka. Abin da na biya har da na shayin yara bai kai rabin abin da zan kashe ba in na ce zan aika silindar Ingila a yi mata fistin a dawo da ita, kafin ma a zo maganar kwastan. Kuɗin hannu yake so, in MoMo ne sai dai ta wayar babban yaronsa.

Mai shi ma wani aiki ne, kuma nan Masta ba abin da zai taimaka maka da shi. Haɗin gargajiya kashi uku ne daidai wa daida, eta da kananzir da man zurma, kuma Mills yana son hakan, ba ya buƙatar wani ƙari. Man zurma ka nemi fari mai tsabta na kemis, ba baƙin nan da mata ke sawa a gashi ba. Kananzir yanzu sai an nema tunda kowa ya koma gas, kuma na kwalba da ake sayarwa a unguwa ka shinshina da kyau, wani an sirka shi. Eta ita ce wahalar. Masu sayar da kayan lab na makarantu su ne hanya mafi tsabta in sun yarda su sayar maka. Akwai kuma feshin tada mota na gwangwani da ake samu wajen masu sifiya-fat, amma ba duka ne masu eta da yawa ba, ka karanta jikin gwangwanin, na John Deere ne aka sani da kashi 80 cikin ɗari. Sannan ga zafin garinmu, eta tana tafasa ne a digiri 35 ba ma cika ba, wato ranar Kumasi ta watan Fabrairu ko Maris kaɗai ta isa ta kore ta daga kwalba. In ka haɗa mai ka bar murfi a buɗe kana hira, ka dawo kananzir da man zurma kawai za ka tarar, ka yi ta bugun farfela har yatsa ya kumbura kana zagin Masta alhali ba laifinsa. Ina haɗa kaɗan ne, cikin kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, roba ba ta riƙe ta. Kuma tururinta ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, a gidan haya irin namu da kowace ƙofa akwai kurfoti da gawayi wannan ba abin wasa ba ne, ni bayan gida nake fita can nesa da masu girki.

Tashin farko da safe na yi kafin rana ta yi zafi. Na ɗaure shi a guntun katako na kama katakon da bais, farfela mai inci 8, na cika ɗan tankin, na buɗe allura, na toshe bakin kafireto da yatsa na juya sau biyu ya ja mai, na sassauta sukurun sama sannan na fara bugawa da yatsa ina ƙara matsi kaɗan-kaɗan. Kar a sa masa abin tayarwa na lantarki, in mai ya cika silinda ruwa ba ya matsuwa, kwanrod ne zai lanƙwashe, da yatsa kuwa za ka ji ya yi tauri ka tsaya. Ya fara da tari, burr ya mutu, burr burr ya mutu, na ƙara kwata na murɗi, sai ya kama. Yana tafiya yana tsallake wuta alamar matsi bai isa ba, na ƙara kaɗan ya daidaita, da ya yi zafi kuma na ji ya fara nauyi kamar yana jan kaya sai na rage masa, don dizal in ya ɗumama yana son a sassauta. Man da ke fita ta ramin hayaƙi shi ne shaidarka, in ruwan zuma ne lafiya, in ya koma baƙi ka matse shi da yawa. Tankunan farko da ɗan toka-toka ya fito, sabon fistin na zama, ina barinsa ya ƙare tanki ya huce sarai kafin in sake, bayan nan ya washe. Ƙararsa ba irin ta injin sare itace ba ce, ƙasa-ƙasa take, amma duk da haka sai da yaran gidan suka cika bayan gida, wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuma ta leƙo ta ce ɗan nan me kake ƙonawa, warin nan na ɗakin tiyata na Gee ne, wato asibitin Komfo Anokye, na zamanin da. Kuma ta canka, eta ce ake sa mutane barci da ita a asibiti a da.

Yanzu a sanyi bugu kaɗan yake tashi, a zafi sau da yawa bugu ɗaya, kuma in ya huce ka juya farfela matsin nan yana nan yadda Masta ya bar shi. Na koma na nuna masa bidiyon, ya kalla har ƙarshe ya ce a sake sa masa, sannan ya ce in akwai wani a kawo amma ba a watan azumi ba. Akwai wani abokina a Nima ta Accra da yake da ED Bee da ya gada wajen kawunsa, na ce ya cire silindar kaɗai ya ba direban bas ɗin VIP ya kawo min.

Jirgin da zan ɗora shi a kai shi ne ban gama ba. Ina bin zanen Tomboy ne na Vic Smeed na 1950, mai fiffike inci 36, wanda dama da irin wannan inji aka saba tashinsa. Katakon balsa babu shi a nan, sai na je Sokoban Wood Village na sa aka tsaga min wawa siriri, ya fi balsa nauyi amma in ka rage kauri yana yi, haƙarƙarin fiffiken kuma ina gwada rimi. Wurin tashi ma sai na fita gari, don Aboabo a gindin filin jirgin Prempeh I muke, ba wanda zai saki abu mai fiffike a nan ya kwana gidansa. In za ka je wajen Masta ka je da sassafe ranar Talata ko Laraba kafin masu tifa su taru, Juma'a daga sha biyu ya rufe, kuma ka tafi da farin ƙyallenka da ƴar kwalba mai murfi ta zuba ƙananan kaya.